Jarkar Mama Hulda

Duk wanda ya taɓa ɗora kaya a motar Mama Hulda ya san ba a miƙa mata abu ta karɓa haka kawai. Sai ta juya shi, ta shinshina, ta dube ka, sannan ta tambayi wanda ya aiko ka. Ko ruwan leda ka ba ta sai ta matsa ta ga ko an huda. Matasan unguwarmu a Kagoma suna tsokanarta cewa in ka ce mata ina kwana, sai ta leƙa waje ta tabbatar gari ya waye kafin ta amsa.

Ni maƙwabciyarta ce, katanga ɗaya ce tsakaninmu, kuma doyata da masarata a bayan motarta suke zuwa kasuwa. Yawancin abin da zan faɗa a gabana aka yi shi.

'Yar manomin citta ce, ta tashi tana tsaga citta tana shanyawa a kan dutse. Ta auri Rufus, ma'aikacin reluwe a Kafanchan, suka zauna a kwatas ɗin ma'aikata har jirage suka yi ƙaranci, aiki ya koma zaman jiran albashi. Da ya ajiye aiki ya dawo gida da iyalinsa da wata tsohuwar a-kori-kura, Fijo fara, wadda ya saya a hannun wani ɗan kasuwa. Bai daɗe yana morarta ba ya kwanta ciwo, ya rasu. Tun ba a kwashe kujerun haya daga ƙofar gida ba, wani ya zo ya ce marigayin ya yi masa alkawarin sayar masa da motar. Wani kuma ya ɗauke jak da safaya, wai zai adana mata. Har yau yana adanawa. Ta ce mini daga wannan makokin ta koyi duba hannun mutum kafin ta dubi fuskarsa.

Da wannan halin ta riƙe motar. In za a yi lodi tana tsaye, doya ɗaya ba ta hawa sai ta wuce ta gabanta. Ba ta sayen mai a gidan mai ɗaya sau biyu a jere, kada su saba da ita. Kafin a zuba sai ta ɗiga a tafin hannunta ta hura, in bai bushe da wuri ba ta ce an haɗa da kananzir, a ja mota. Mutane suna ƙorafi, amma ita suke ba kayansu, don a motarta buhu bai taɓa yin ƙafa ba.

Mutum ɗaya ne ba ta duba hannunsa: Meshak, ƙanin Rufus, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya karɓi sitiyari a makon jana'izar, kuma bai sauka ba har 'ya'yanta huɗu suka gama makaranta da abin da motar ke kawowa, nasa uku ma haka. Ba albashi tsakaninsu. In an dawo kasuwa ta cire na mai da na gyara, ta ba shi rabonsa, ya wanke hannu ya ci tuwo a gidanta. Yana ce mata "matarmu", tana ce masa "ƙaramin miji mara amfani", irin wasan da ake yi tsakanin mace da ƙannen mijinta. A coci yana cikin masu zagayawa da kwanon baiko, wanda masu sujada ke jefa kuɗin sadaka a ciki, kuma yana ji da wannan aikin fiye da tuƙin. Farar riga ɗaya ya ware masa, ba ya sa ta ko'ina.

Sai shekarar da aka cire tallafin mai ta zo, a daminar nan kuma cuta ta ruɓar da citta a gonaki. Motar ta koma ɗaukar doya da masara da duk abin da aka samu. Mai ya zama abin da ake hira a kai a gidan biki da gidan makoki. Allurar da ke nuna mai a motar ta daɗe da mutuwa, Meshak da sanda yake aunawa, ya zura a tanki ya ciro ya duba. Mama Hulda ta ce ita ba za ta ƙara zuba abu mai tsada haka a cikin duhu ba.

Direbobi da yawa a nan, in tankinsu ya yi tsatsa, sukan ajiye jarka a gaba wajen ƙafar fasinja, a ja tiyo daga cikinta zuwa famfon mai, mota ta riƙa sha daga nan. Ita kaɗai na sani da ta yi haka alhali tankinta lafiyarsa lau. Ta samo farar jarka mai cin lita ashirin da biyar, wadda ake hango mai ta jikinta, ta sa na auna mata lita-lita da gora, tana jan layi da jan farcen 'yarta. Tanki kuwa aka tsiyaye shi tas, ta ɗaure murfinsa da waya, ta ɗiga jan farce a kan ƙullin. Da safe ta duba layi, da yamma ta duba layi.

"Matarmu, yanzu tsakanin ni da jarka wane ne direba?" in ji Meshak.

"Kai ke tuƙi. Ita ke ba da shaida."

Ya yi dariya a lokacin.

Da shigowar sabuwar doya, bara, motar ta fara wata ƙara. Da safe in an tayar sai ka ji kas-kas-kas daga saman inji kamar ana buga cokula, in ta kama tudu da kaya kuma wata fat-fat ta shigo daga ƙasa. Tun daga kwanar firamare karnuka ke sanin Meshak ya dawo. Shan mai ma ya ƙaru. Zuwa Zonkwa da dawowa da ƙwarya biyar ta doya, wato ɗari biyar, a da lita goma sha biyu ne, ya koma sha biyar. Wani ya ba da shawara a zuba baƙin mai mai kauri, ƙarar za ta kwanta. Mama ta ce wannan toshe bakin mara lafiya ne don kada a ji nishinsa. Na dame ta da magana har ta yarda muka tafi Kafanchan wajen Patrick.

Makanikan da ta canza sun fi yatsun hannu. Patrick ne kaɗai ya daɗe, don shi tun kafin a tambaya yake zuba tsoffin kayan da ya cire a leda ya miƙa. Garejinsa ƙarƙashin mangwaro ne a bayan layin dogo, da benci ɗaya, kuma ya san in ta zo bencin nata ne har a gama. Ya sa Meshak ya tayar, ya ɗauki dogon sukundireba ya ɗora bakinsa a kan inji, ya manna ƙotar a kunnensa. Ya matsa gaba, ya matsa baya, ya sauko ƙasa.

"Mama, injin ki bai yi nokin ba."

"Wa ya ce maka ya yi? Ko ka riga ka tanadi injin hannu na Beljiyam da za ka sayar mini?"

"Haba Mama. Ni fa na ce bai yi ba."

"Shi ya sa na tambaya. Me ya sa da shi ka fara?"

Patrick ya dubi Meshak, Meshak ya dubi mangwaro.

Abu biyu ne, in ji Patrick. Tafet sun saki, su ke kas-kas. Gasket ɗin da ke tsakanin inji da salansa ya ƙone, shi ke fat-fat. Kafin ya taɓa sifana ta ciro kwalbar jan farcenta, ta bi kowane noti da kowane tiyo ta ɗiga masa ja, don in an musanya ta gane. Ya buɗe murfin saman inji ya daidaita tafet takwas ɗin ɗaya bayan ɗaya, yana zura wani siririn ƙarfe kamar reza a tsakani kafin ya ɗaure. Ya ciro tsohon gasket ya nuna mata, baƙi ƙirin, a tsage ta gefe ɗaya. Ta karɓa ta shinshina ta sa a jaka.

Maganar rage shan mai ni na tayar da ita, don na riga na yi tambaya a tasha da wajen masu kayan gyara. Na ce ana mayar da motoci su riƙa tafiya da gas, kuma waɗanda suka yi suna yabawa. Patrick ya ce gaskiya ne, amma inda za a cika tukunyar a lokacin ya fi kasuwar da za mu nisa. Na hau bayan motar na auna da taƙi, na ga tukunyar za ta cinye wurin doya sittin.

"Tukunyar gas a ƙarƙashin doyata, ni kuma ina gaba," in ji Mama. "In ta tashi, a bokiti za ku kai ni gida?"

Aka bar gas. Patrick ya shiga shagonsa ya fito da wata ƙaramar kafireta, abin da ke auna wa inji mai, ta hannu ce amma tsaf, maƙogwaronta bai kai na tsohuwar faɗi ba. Ya ce da wannan, da sabbin filogi, da matatar iska ta gaske a maimakon tsohuwar safar da aka ɗaure a wurin, da iska daidai a taya, Zonkwa ba za ta wuce lita goma ba. Ƙarfen da aka yi wa walda a baya don a riƙa tara kaya sama ma, ya ce rabinsa nauyin banza ne, a yanke.

Lita biyar ke nan za a rage a kowace fita, fita biyu a mako. Na ce Mama, a sa yau, me muke jira.

Meshak ya karɓi kafiretar yana juyawa. "Wannan ta motar hedimasta ce, mai zuwa ofis da jaka ɗaya. Ta ga tudu da ƙwarya biyar a baya, zama za ta yi ta yi kuka."

"Baba, zai ja," in ji Patrick. "Ka sauko giya da wuri kawai. No wahala."

"Ni dai na faɗa."

Na ga idon Mama Hulda ya sauka a kansa. Da Meshak ya tafi neman abinci ta jawo ni kusa, ta juya zuwa yarenmu. "Kin ji wanda ba ya so mota ta rage shan mai?"

Aka sa kafireta. Tsohuwar bakin tiyo ɗaya gare ta, sabuwar biyu. Patrick ya haɗa na farko da famfo. Na biyun kuma, yana cikin musu da Mama a kan wani ƙaramin noti da ta ce ba shi ta ɗiga wa ja ba, ya laluba jikin motar ya sami wani siririn bututu da aka toshe tun zamanin Rufus, ya buɗe shi, ya hura, ya haɗa. Mama ta miƙe ta ɗiga wa sabon tiyon ja shi ma. Aka tayar. Sai da na dubi fanka na tabbatar injin yana aiki, don shirun ya yi yawa.

Fitar farko zuwa Zonkwa, jarka ta nuna lita goma sha tara. Ta biyu, ashirin.

Ta mayar da motar Kafanchan da fushinta. Patrick ya kwance filogi huɗun ya jera a kan bonet, dukansu ruwan ƙasa, ba baƙi ko kaɗan. Ya tara hannu a bakin salansa, ba hayaƙi. Ya shimfiɗa kwali a ƙarƙashi aka bar inji yana aiki, ba ɗigo ko ɗaya.

"Mama, filogi ba ya ƙarya. Injin nan bai sha abin da kike faɗa ba. In mai yana tafiya, ba ta inji yake bi ba."

Meshak yana tsaye a wurin, hannu a aljihu. Ba wanda ya dube shi, kuma kowa ya san dalili.

Fita ta gaba ta ce in bi shi. Ina shiga ya ce, "Yau da 'yar sanda aka haɗa ni. Tamar, kin zo da ankwa?"

"Doyata nake rakawa, Baba."

"Doyarki ta san hanya fiye da ke."

Jarkar tana lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu saboda zafi da kuma masu tsare hanya, ko na ɗaga ma, a kan wannan hanyar tsalle man yake yi, ba layin da za a karanta. Motar ta yi nishi a tudu kamar yadda ya ce, amma ta hau. A Zonkwa aka sauke kaya na shiga ciniki, shi kuma ya ja motar ya ce zai gaida wani abokinsa. Da na gama na same shi a ƙofar gidan abokin, kuma dab da gidan akwai teburin 'yan bumburutu, masu sayar da mai a kwalabe. Da yamma jarka ta nuna sha tara da rabi. Mama ta tambaye ni abin da na gani, na faɗa mata duka, har da teburin. Ni kaina a lokacin zuciyata ba ta kwanta ba. 'Yarsa ta ƙarshe tana shirin aure, kuma kowa ya san yadda gonar cittarsa ta ƙare.

Bayan fita ta shida ta tare shi a tsakar gida, yana wanke hannu, tuwo a gabansa.

"Meshak, man nan ina yake zuwa?"

Da sunansa ta kira shi, ba wasa a ciki. Ya tsame hannunsa daga ruwan.

"Ki tambayi mai ba ki shaida."

"Na tambaye ta. Ta ce wajen lita goma ke ɓata duk fita."

"To me kike so in ce?"

"Ba ni za ka faɗa wa ba. Ran Lahadi bayan sujada zan kai wa dattawa."

A cocinmu in dattawa suka kama mutum da irin wannan, horo ake sa shi. A karɓe aikinsa, ya koma bencin baya, duk wanda ya shigo ya gan shi a can. Meshak ya rufe tuwon ya tashi. Kafin Asabar maganar ta zaga Zumuntar Mata, ƙungiyar matan cocinmu, don Mama ta nemi shawarar shugabarsu, shugabar kuma ta nemi wasu su taya ta addu'a a kai.

Ran Asabar da safe ina shara na ji warin fetur. Motar tana ƙofar gida inda ƙasa ta ɗan gangara, kuma daidai ƙarƙashin murfin tanki wurin ya jiƙe. Na kira Mama. Ta duba wayar da ta ɗaure, janta yana nan a kan ƙullin. Ta sa filaya ta yanke, ta buɗe. Mai har wuya.

Ta aika aka kira Meshak. Kafin ya iso maƙwabta sun fito.

"Ashe nan ne rumbunka," ta ce.

Ya daɗe yana leƙa tankin. "Wayarki fa? Ba a ɗaure kika same ta ba?"

"Ka iya ɗaure waya. Jan farce kuma ba ni kaɗai ke saye ba."

"Wane ɓarawo ne zai ɓoye kaya a ƙofar mai kaya, Hulda?"

"Mai wayo. Inda ba za a duba ba ke nan. Jira kake ya ƙara tsada."

Ta ce a tsiyaye a auna a gaban kowa. Shi da kansa ya kwanta a ƙasa ya kwance notin gindin tanki, ni ina tara roba ina juyewa a jarkoki. Lita hamsin da shida. Na haɗa abin da ya ɓata a fita shidan da zuwa Kafanchan, bambancin bai kai lita biyu ba. Na faɗa, don an tambaye ni. Wata tsohuwa ta ce Ubangiji ya yi mana jinƙai, ta koma gida.

Mama ta ce a kawar da motar daga jiƙaƙƙen wurin kafin wani ya wuce da garwashi. Muka tura ta har bakin hanya, sannan Meshak ya shiga ya tayar don ya kai ta inuwa. Notin tankin yana aljihunsa, bai mayar ba. Na bi baya zan ɗauko robata, sai na ga wani siririn layi a kan yashi yana bin motar. Na durƙusa. Tankin da muka tsiyaye yanzun nan yana zubar da mai kamar fitsarin akuya.

Na ce Baba, kashe. Ya kashe, man ya ɗan ɗiga ya tsaya. Na ce tayar. Ya dawo.

Mama Hulda ta ture ni ta durƙusa da kanta, da zaninta na zuwa kasuwa. "Kashe." Ya tsaya. "Tayar." Ya zubo. Ta sa aka yi ta maimaitawa har batir ya fara sanyi. Sannan ta bi bututun da yatsa daga tanki, ta ƙarƙashin mota, har ya ɓulla cikin inji ya ƙare a sabon tiyon kafireta. Ɗigon janta yana kai.

Meshak ya fito, ya zare makulli, ya ɗora a kan bonet tare da notin. "Madam, ga kayanki," ya ce, ya tafi.

Patrick ya zo a kan babur da rana. Yana ganin tiyon ya dafa kai. Ya ce sabuwar kafireta ba ta riƙe duk man da famfo ya turo, abin da ba ta buƙata sai ta mayar, kuma a kowace mota tanki ake mayarwa. "Hannu na ne ya saba, Mama. Na manta motan ki ba daga tanki yake sha ba. Abeg, ki yi haƙuri."

"Me ya ba ka ka haɗa haka?"

"Wa?"

Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce ya juya tiyon ya koma jarka, tana tsaye a kansa har ya gama.

Ba ta je wurin dattawa ba. Amma ran Lahadi da muka shiga coci, Meshak yana zaune a bencin baya da farar rigarsa, shi kaɗai. Ba wanda ya sa shi. Da lokacin baiko ya yi, wani ne ya ɗauki kwanonsa. Mama tana layi na biyu cikin Zumuntar Mata, ba ta waiwaya ba, amma waƙar da ita ke ja kullum, ranar wata ce ta ja.

Ta ɗauko wani direba daga tasha, Justin, ya yi mata fita ɗaya. Lita goma da rabi, kusan yadda Patrick ya ce. Justin bai sake zuwa ba, don suna isowa gida ta zagaya motar tana ƙirga notin tayoyi a gabansa. Doya ƙwarya goma sha ɗaya tana jibge a rumfarta, uku tawa, wasu sun fara laushi ta kai. Na ce mata in aka wuce kasuwa biyu, sai dai mu yi garin doya.

Tsakiyar mako ta ce in raka ta gonar Meshak. Mun same shi yana haƙa. Bai miƙe ba.

"Ƙaramin miji."

"Sannunku da zuwa."

"Doya tana ruɓa."

"Akwai direbobi a tasha."

"Ɓarayi ne."

"Ai ni ma haka."

Ta tsaya tana juya makullin a hannu. Na san ba za ta ce ya yi haƙuri ba, shi ma ya sani. Ya ciro doya ɗaya, ya kakkaɓe ƙasar, ya ajiye, sannan ya yi magana bai ɗago ba.

"Mai ya dawo hannuna. Ni zan saya, ni zan zuba, kuma a tanki. Jarka ta fita daga motar."

"Yaya zan san abin da ta sha?"

"Ba za ki sani ba. Abin da na faɗa miki, shi ne."

"Wa ya koya maka wannan? Patrick?"

Ya ci gaba da haƙa.

"A wanke tankin a gabana," ta ce can.

"A gabanki."

"A gyara allurar."

"A gyara. Saura ɗaya. Maganar nan a coci ta zaga, a coci za ki kashe ta. Kuma ba labarin lita nake so ba. Sunana za ki kira."

Ta dube ni kamar ni na shirya masa. Ta ajiye makullin a kan tarin doyarsa, muka juyo. Da muka kai rafi ta tambaye ni ko ina ganin tun farko ya san da tiyon, ya yi shiru don ya kai ta nan. Na ce ba na jin haka, na ga fuskarsa lokacin da ya leƙa tankin. Ta ce, "Fuska."

Ran Lahadi da aka ba da lokacin shaida, ta miƙe. Mama Hulda ba ta taɓa ba da shaida ba, cewa take mutane suna saurara ne don su san abin da kake da shi. Ta riƙe bayan bencin da ke gabanta.

"Ina gode wa Ubangiji. Meshak, ƙanin mijina, bai taɓa mini mai ba, ko ɗigo. Na duba."

Ta zauna. Wani a layin maza ya kasa riƙe dariya, ta bazu har fasto ya sunkuyar da kai. Meshak bai yi ba. Da aka ta da waƙar baiko ya miƙe daga bencin baya, ya gyara rigarsa, ya bi ta tsakiya har gaba, ya karɓi kwanonsa a hannun wanda ya riƙe masa. Ya fara zagayawa daga layin Zumuntar Mata.